Tsohuwar Vespa: Tsere Tsakanin Masu Gyara da 'Yan Gwangwan

A cikin tsohon birnin Kano, da Zariya, da Katsina, akwai gidajen da idan baƙo ya yi sallama ya wuce zaure na biyu, zai ga wani abu jingine da bango an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Da an yaye tabarmar sai ƙura ta turnuƙe, sai ga Vespa. Tayoyinta sun sace sun lafe a ƙasa, sirdin ya yage soso ya leƙo, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin fitila da madubi, wani lokacin ma kaza ta mayar da wurin ajiye ƙafa wurin kwanci. Lambar da ke bayanta irin ta da ce, wadda ta fara da KN ko KD.

Mai ita ya tsufa, ko kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Yaran gidan sun buɗe ido sun gan ta a nan, suna hawa suna murza kai suna yi mata ƙara da baki, har suka girma suka bar wa na baya.

Mutum biyu ne ke zuwa neman irin wannan Vespa a yau. Na farko ɗan gwangwan ne, da kurarsa da ma'auninsa, wanda zai auna ta a matsayin ƙarfe, ya biya kuɗin kilo, ya sassare ta da guduma. Na biyun yawanci ɗa ne ko jika, ma'aikaci ko ɗan kasuwa, wanda bai manta da safiyar da yake tsayawa a gaban mahaifinsa, ya riƙe kan babur da hannu biyu, ana kai shi makaranta ba. Shi burinsa ya sake jin ƙararta. Duk wanda ya riga isa zauren a cikinsu, shi ke yanke wa babur ɗin hukunci.

Zanzaron da ya taso daga Italiya

Labarin Vespa ya faro ne daga kangon yaƙi. Kamfanin Piaggio na Italiya jiragen sama yake ƙerawa, sai bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka ragargaza masana'antarsa da ke garin Pontedera. Da ƙura ta lafa, Enrico Piaggio ya lura talakan ƙasarsa na bukatar abin hawa mai araha. Ya ɗora aikin a kan Corradino D'Ascanio, injiniyan jiragen sama wanda ba ya ƙaunar babur ko kaɗan, domin a ganinsa abu ne mai ɓata tufafi, mai tsinka sarƙa, mai wahalar canjin taya.

Wannan ƙiyayya ce ta haifi siffar da aka sani. D'Ascanio ya jefar da sarƙa ya haɗa inji kai tsaye da tayar baya, ya rufe injin da murfin ƙarfe, ya kafa garkuwa a gaban ƙafafu, ya mayar da giya hannun hagu, ya kuma riƙe tayar gaba ta gefe ɗaya kamar ƙafar jirgin sama. An yi rajistar ƙirar a watan Afrilu na 1946. Siririn ƙugunta da faɗin bayanta da kuma kukan injinta suka jawo mata sunan Vespa, wato zanzaro da harshen Italiya. Da ta iso ƙasar Hausa, bakin mutane ya mayar da ita Basfa.

Cikin shekara goma aka ƙera miliyan ɗaya, kuma ya zuwa 2021 adadin ya kai kimanin miliyan 19. A 1977 aka fito da ƙirar PX mai inji 125 da 150 da 200, wadda ta yi shekara kusan 40 ana yayinta kafin dokokin hayaƙi na Turai su dakatar da ita. Kamfanin Bajaj na Indiya ya yi shekaru yana ƙera Vespa da izinin Piaggio, daga baya ya fito da tasa mai suna Chetak. Mai ƙafa uku da Piaggio ya fara ƙerawa a 1948, mai suna Ape, shi ne kakan A Daidaita Sahun da ya cika titunan Arewa yanzu.

Zamanin Udoji da babbar riga

Dattawa na danganta cikar titunan Arewa da Vespa da shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo. Bayan rahoton kwamitin Jerome Udoji na 1974, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙara wa ma'aikata albashi ta kuma biya su ariyas a dunƙule. Shirin ba da ilimin firamare ga kowa na 1976 ya ƙara yawan malaman makaranta. Ga bashin abin hawa da ake ba ma'aikata. Malamin makaranta, da malamin asibiti, da akawu, da malamin gona, kowa ya ajiye keke ya nemi babur.

Akwai Honda, akwai Suzuki, akwai Yamaha, a Nijar kuma Mobylette ta Faransa ce ta yi kaka-gida. Amma Vespa ta samu wani matsayi na daban, kuma dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa sa babbar riga. Abin da D'Ascanio ya tsara don kare tufafin mutanen Italiya, shi ya dace da suturar Bahaushe. Babu ɗaga ƙafa a tsallaka tanki, babu sarƙar da za ta cafke bakin riga, babu baƙin mai a ƙafar wando. Mutum zai fito da farar shadda ya je Masallacin Juma'a ko ɗaurin aure ya dawo da ita fes. A tsakanin ƙafafu ga wurin ajiye cefane, a gefe ga tayar safaya. Hawanta ya zama alamar natsuwa da rufin asiri.

Yadda aka jingine ta

Ba rana ɗaya Vespa ta koma zaure ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran da ake shigowa da su suka yi tsada. Masu hali suka koma motocin Beljiyam. Daga baya baburan Sin irin su Jincheng da roba-roba suka malalo kasuwa da araha, Bajaj Boxer ya biyo baya, ga ƙarancin shan mai, ga kayan gyara a kowace kwana. Sana'ar acaɓa ma ba ta yi da Vespa ba, domin ƙananan tayoyinta ba sa son ramuka.

Matsalar tsaro ta ƙara nata. An hana hawa babur a Maiduguri a 2011, a Kano kuma aka hana goyo a farkon 2013. Dattijon da ke kai iyali unguwa a kan Vespa sai ya ga amfaninta ya ragu.

Sau da yawa abin da ya kwantar da ita bai taka kara ya karya ba. Wayar kuloci ce ta tsinke, ko kwayil ya ƙone, aka tura ta zaure da niyyar a gyara ƙarshen wata. Wata ya zama shekara, shekara ta zama ashirin.

Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa wasu sun waiwayi zaurukan. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, ta kuma wuce 1,000 a 2024. Vespa ba ta kai Boxer tattalin mai ba, amma tazararta da mota mai nisa ce. Duk da haka, mafi yawan masu gyaran tsohuwar Vespa ba lissafin mai ya kawo su ba, ƙauna ce.

Kafin a ɗauki sifana

Waɗanda suka san harkar na cewa gyara ba a gareji yake farawa ba, a cikin gida yake farawa. Idan mai babur ya rasu, babur ɗin dukiyar magada ce komai lalacewarsa. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a yi masa kuɗi tun yana kwance, mai son gyarawa ya biya sauran haƙƙinsu, ko su bar masa a gaban shaidu. Ƙarfen da babu mai kallonsa jiya kan zama abin jayayya ranar da ya fito da sabon fenti.

Sai takardu. Wanda ya sayo a waje dole ya duba lambar inji da lambar jiki, ya gwada su da abin da ke rubuce, ya karɓi takardar ciniki mai sa hannun shaidu. Lambar da aka goge ko aka sake bugawa alamar haɗari ce, kuma ba mai son ya kashe wata shida yana aiki ya ƙare da bayani a ofishin 'yan sanda.

Abu na uku shi ne a duƙa a leƙa ƙarƙashi. Vespa ba ta da ƙashin bututu irin na sauran babura. Jikin ƙarfen nan shi ne ƙashinta, shi ke ɗauke da inji da mahayi. Idan tsatsa ta cinye wurin ajiye ƙafa da tudun tsakiya, babur ɗin na iya lanƙwashewa a kan hanya. Mummunan fenti ba ya tsorata masu gyara. Ruɓaɓɓen ƙasa shi ke sa su ja da baya.

Cikin inji

Kuskuren sabon shiga shi ne ya haye kik da ƙarfi yana son jin ta tashi. Injin da ya shekara goma a kwance yawanci fistin ɗinsa ya kama. Maganinsa haƙuri: a cire fulogi, a zuba ɗan man dizal ko baƙin mai ta ramin, a bar shi kwanaki yana jiƙa, ana ɗan motsawa a hankali har ya saki.

Fetur ɗin da aka bari a tanki ya daɗe da komawa wani danƙo mai wari, ya toshe ƙananan hudojin kafireta. Akan warware ta gaba ɗaya a jiƙa, a busa kowace huda. Tankin kuma a zuba masa ƙananan notuna ko tsakuwa a yi ta girgizawa har tsatsa ta kakkaɓe, a wanke a shanya. Tankin da ke da ragowar tururin mai ba a kusantar da shi wutar walda, domin fashewa yake yi.

Injin tsohuwar Vespa irin wanda ake gauraya wa mai ne. Ba shi da ma'ajin baƙin mai da ke zagayawa yana shafa fistin, sai abin da aka zuba cikin fetur. Ƙa'idar mafi yawansu kashi 2 cikin 100 ce, wato mililita 100 na man 2T a lita 5, ƙirar shekarun 1950 kuwa kashi 5 take sha. Wanda ya manta da wannan, tafiya kaɗan zai yi injin ya ƙone. Haka robobin da ke toshe gefen ƙarfen da fistin ke juyawa: in sun bushe sun tsage, iska na shiga ta inda bai kamata ba, injin ya yi ta zafi. Shi ya sa ƙwararru ke raba injin biyu su canza robobin, da boris, da wani ɗan ƙarfe mai reshe huɗu da ke zaɓar giya, wanda cinyewarsa ke sa giya ta riƙa fita da kanta.

Akwai kuma wayoyi, waɗanda duk ta cikin jiki suke bi: ta kuloci, biyu na giya, ta totur, na birkin gaba da na baya, da ta cok. Wanda ya zare tsohuwa bai ɗaura sabuwa a wutsiyarta ba zai yi yini yana lalube. Saboda haka masu gyara ke ɗaukar hoton komai da wayar hannu kafin su kwance, su kuma zuba notunan kowane sashe a gwangwaninsa.

Tsatsa, walda da fenti

A nan ne kuɗi da lokaci suka fi tafiya. Ana kankare tsohon fenti da samfefa har farin ƙarfe ya bayyana, mai walda ya yanke inda ya ruɓe ya dasa sabon ƙarfe, mai bugun jiki ya daidaita lotsawa, sannan a yi shafen farko mai hana tsatsa kafin launi. Feshin fenti na bukatar takunkumi da wuri mai iska, kuma ƙurar hunturu abokiyar gabarsa ce.

Masu sha'awar sun rabu biyu a kan fenti. Wasu so suke ta fito kamar yau aka sauke ta daga kwali, da launinta na asali da tambarinta. Wasu kuma na ganin ƙujewar da ke jikin garkuwa, da ɗan lotsawar ranar da Baba ya faɗi a kwanar kasuwa, su ne tarihin. Sai su gyara inji da birki, su wanke jiki su shafa masa mai, su bar shi da tabonsa. Abin da duka ɓangarorin suka haɗu a kan ƙinsa shi ne aikin masu gyara don sayarwa, waɗanda ke cike ramin tsatsa da ƙullin liƙi su fesa fenti mai ƙyalli a kai. Ɗan maganaɗisu na tona wannan asiri, domin ba ya kama wurin da babu ƙarfe.

Farautar kayan gyara

Mai gyaran tsohuwar Vespa kan san kasuwannin da bai taɓa shiga ba. A Kano zai bi Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, a Kaduna ya shiga Fanteka, a Yamai ya zaga Katako, wani lokaci kuma a aika Nnewi ta jihar Anambra, cibiyar kayan babur ta Nijeriya. Sa'ar da aka yi ita ce kamfanin LML na Indiya ya daɗe yana ƙera irin PX, don haka fistin da zobba da wayoyi da robobi ba su ɓace ba, sai dai ingancinsu ya bambanta, kuma faɗuwar naira tun daga 2023 ta ninka farashinsu.

Abin da ke wahala shi ne ƙananan kayan ado na asali: tambari, gilashin fitila, agogon gudu, murfin gefe. A nan ɗan gwangwan kan koma abokin tafiya. Mai wayo kan bar masa lambar waya, ya roƙe shi ya kira kafin ya ɗaga guduma. Da yawa kan sayi matacciyar Vespa ta biyu don kawai su ciri kayanta su raya ta farko.

'Yan gwangwan ma na da hujjarsu. Sana'a suke yi, masu gida ne ke kiransu, kuma ƙarfen da suke tarawa narka shi ake yi ya koma rodin gini. Ba su ne suka bar babur a ruwan sama shekara ashirin ba.

Hannun da ke ƙarewa

Abin da ya fi kayan gyara ƙaranci shi ne masu gyaran. Makanikan Vespa na asali, waɗanda suka koyi aikin a shekarun 1970 da 1980, yau dattawa ne, ido ya fara rauni, rumfunansu sun koma lungu. Su ne ke sanin ciwon inji daga sautinsa, su daidaita wuta da ɗan siririn ƙarfe, su san dalilin da ya sa ake kwantar da ita gefe kafin a buga kik da safe.

Yaran da ke garejin yanzu Boxer da A Daidaita Sahu suka koya, domin nan abinci yake, kuma babu mai ganin laifinsu. Aikinsu ya fi karkata ga cire tsoho a sa sabo. Dattawan kuwa sun taso lokacin da ake gyara abin da ya lalace, a sassaƙa, a ɗaure, a mayar. Bidiyon YouTube na taimaka wa matasa ƙwarai, amma bai san kayan jabun da ke kasuwar Sabon Gari ba, Baba makanike ya sani. Duk wanda ya kai masa Vespa ya zauna a kan benci yana miƙa masa sifana, ya tafi gida da abin da ya fi babur.

Masu cewa ɓarnar kuɗi ce

Ba kowa ke yaba wannan sha'awa ba. A gidaje da yawa uwargida ce ke fara lissafi: ga kuɗin makaranta, ga tsadar abinci, ga tsakar gida ta cika da baƙin mai. Lissafin nata kuwa ba ƙarya ba ne, domin cikakken gyara kan lashe abin da ya kusa sayen babur mai tafiya, kuma da wuya a mayar da kuɗin in an sayar. Masu tsari kan ware ɗan abu duk wata, su yi aikin sashe-sashe, ko da zai kai shekara.

Masu kula da muhalli na nuni da shuɗin hayaƙin da irin wannan inji ke fitarwa, a biranen da iskarsu ta riga ta gurɓace, a daidai lokacin da babura masu lantarki suka fara shigowa. Masu gyara na amsawa da cewa yawancinsu ranar Juma'a ko Sallah ko biki kawai suke fito da ita, kuma man 2T mai kyau da kafireta daidaitacciya na rage hayaƙin sosai.

Batun lafiyar mahayi kuwa babu jayayya a kansa. Birkin tsohuwar Vespa bai kai na zamani kamu ba. Tayar da ta shekara goma a ajiye ta mutu ko da zanenta bai goge ba. Lambobi huɗu da ke gefenta na nuna mako da shekarar da aka yi ta. Hular kwano kuma doka ce da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilastawa tun farkon 2009.

Darajarta a wasu ƙasashe

Abin da ake aunawa da kilo a nan, a wani wuri gidan tarihi ake kai shi. Piaggio ya buɗe gidan adana kayan tarihinsa a Pontedera a shekarar 2000. Masu Vespa na duniya na yin babban taro, wanda aka yi a tsibirin Bali na Indunusiya a 2022, aka kuma yi a Pontedera a 2024. A Birtaniya abin hawan da ya shekara 40 ana iya yi masa rajistar kayan tarihi a ɗauke masa harajin hanya. Vespar da malamin makaranta ya saya da kuɗin Udoji ta riga ta haura waɗannan shekaru.

Ranar da ta tashi

Masu gyara ba sa manta wannan rana. An zuba gaurayayyen mai, an buɗe famfo, an ja cok. Bugu na farko shiru, na biyu tari, a na biyar ko na goma sai ta kama, ƙarar nan mai kama da ganga ta cika lungu, hayaƙi ya tashi. Yara su yo waje da gudu, maƙwabta su leƙo. In mai ita na da rai, akan riƙo hannunsa a fito da shi ya dafa kanta. In ya rasu, tsofaffin unguwa da suka gane ƙarar kan tsaya su yi masa addu'a.

Ba kowa ke da halin kai wa ga wannan rana bana ba, amma hana babur ƙarasa mutuwa ba ya cin kuɗi. Duk mai tsohuwar Vespa ko Honda ko Suzuki a zaure ya juye ragowar man tanki, ya ɗiga baƙin mai ta ramin fulogi, ya ɗora ta a kan katako, ya raba ta da ruwan sama, ya nemo takardunta ya adana. Kafin ya kira ɗan gwangwan kuma, ya fara kiran tsohon makaniken unguwa ya zo ya duba ta, tun yana da ƙarfin zuwa.